Ranar da Gaban-Zamani Ya Kori Mai Shara

A gyara zama, za a ambaci manya. Duk ma'adanar takardun nan mai hawa huɗu, daga ɗakin maigadi har ɗakin injuna, babu ƙwaƙwalwa irin ta Muƙaddashin Darakta. Shi da bakinsa ya sha faɗa, kuma wa ya fi shi sanin kansa? Tabarau biyu gare shi, ɗaya a hanci ɗaya a goshi, don ilimin ya fi ƙarfin ido biyu. Da yatsa ɗaya yake danna kwamfuta, amma fa yatsan manya ne. A bayan idonsa ana ce masa Gaban-Zamani, tun ranar da ya shaida wa taro cewa shi ya riga ya iso, zamani yake jira.

Abu ɗaya ya hana bawan Allah sakat, kalmar nan Muƙaddashi. Shekara shida tana ɗaure a ƙofarsa, a ɗan allon tagulla, ta hau kan Darakta ta yi zamanta. Sai hukuma ta ce ranar da aka ƙaddamar da manhajar bincike, in ta yi aiki a gaban Shugabar hukumar, za a sauke masa ita. Manhajar kuwa ba wasa ba ce. Takardu miliyan tara, na haihuwa, na filaye, na makaranta, ka rubuta suna ta zaƙulo maka kafin ka ƙifta ido.

Mai haɗa aikin wata injiniya ce mai sanyin magana. Ta shigo ofishinsa da takarda ɗaya, ta yi masa bayani dalla-dalla. Ta ce manhaja ba ta zama a ƙasa, sai an yi mata shimfiɗa, wato wata manhajar da za ta riƙa gudana a kanta, kuma biyu ne a gabansu. Ta farko tsohuwa ce, manyan wurare sun jima suna aiki da ita, masu ita kuma na nan suna kula da ita. A cikinta akwai wani ɓangare da masu sana'ar ke kira mai kwasar shara. Shi ne kan ɗan tsayar da aiki, tsayuwar da ba ta kai numfashi ɗaya ba, ya share tarkacen da bincike ya bari a ƙwaƙwalwar inji. Ta biyu ta gwaji ce, ba ta da mai shara, gudu take kamar an koro ta, amma ba a yi ta don doguwar tafiya ba.

Duk bayanin nan, kalma biyu ce ta shiga kunnen Gaban-Zamani. Ya sauko da tabarau na goshi ya ɗora kan na hanci.

"Mai shara? Ya tsayar da aiki? Malama, a ƙarƙashina? Shekara shida ina nan, ban taɓa ɗage ƙafa don tsintsiya ba. Aikin manya ba ya jiran mai shara, ko na mutum ko na inji."

Aka gwada masa su biyun, minti biyar biyar. Ta gwajin ta riga tsohuwar da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Ya buga tebur, ya ce lissafi ya yi magana. Injiniya ta ce, ranka ya daɗe, minti biyar ko ɗakin ƙazama bai cika ba, a bari ta wuni tukuna. Ya ce tsoro irin na masu ƙaramin karatu ke nan. Ta ce da tsohuwar zuma ake magani. Ya ce shi ba asibiti ya buɗe ba. Da ta ga haka sai ta miƙa masa takardar ta roƙi ya sa hannu cewa zaɓinsa ne. Ya sa, sa hannun da ya ci rabin shafi har da jela, ya kuma ce a yi kwafi a kai wa Shugaba, kada gobe wani ya ci ladan basirarsa.

Ranar ƙaddamarwa ya yi sammako. Ya kira Iya, dattijuwar da ke share hawa na huɗu tun kafin ya san hanyar wurin, ya ce kada ya ga ƙeyarta sai baƙi sun watse, ba ya son tsintsiya ta fito a hoto. Sannan ya karɓi sukuddireba a wurin maigadi, ya kwance allon Muƙaddashi da hannunsa, ya jefa a kwandon shara. Ya ja da baya ya kalli ƙofar. Darakta ita kaɗai, tas.

Da hantsi zaure ya cika. Ya yi jawabin minti arba'in, ya ce ya cire wa inji ɗabi'ar jira kamar yadda ya cire wa kansa. Aka buɗe wa jama'a. Kai, abin ya yi kyau. Wannan ya nemo takardar filin kakansa, waccan ta ga shekarun da mijinta ya ɓoye mata. Rassa goma sha biyu suka shigo ta waya, kowa na bincike. Gaban-Zamani na zagayawa hannu a baya, yana gyaɗa kai kamar shi ya haifi wutar lantarki. Injiniya kuwa na kusurwa, idonta kan wani ɗan layi da ke ta hawa a allonta, ba ya sauka.

Ya ajiye mafi daɗin a ƙarshe. Ya roƙi Shugaba ta rubuta sunansa da hannunta mai albarka. Ta rubuta. Allo ya tsaya. Gaban-Zamani ya ce injin tunani yake, sunan ne da nauyi. Aka ɗan yi dariya. Allo ya yi fari, ya fito da layi ɗaya. Shugaba ta ce a karanta mata. Injiniya ta karanta, ba ta ƙara gishiri ba: ƙwaƙwalwa ta cika, babu wurin ajiye komai.

"Me ya cika ta?"

"Shara, ranki ya daɗe."

Gaban-Zamani ya buɗe baki zai ce laifin ƙananan ma'aikata ne, sai ya hango kwafin takardar nan a hannun Shugaba, jelar sa hannunsa na leƙowa. Ya mayar da bakin ya rufe. Injiniya dama ta ajiye tsohuwar shimfiɗa a gefe. Cikin rubu'in awa ta mayar da manhajar kanta, mai shara ya koma bakin aiki, bincike ya miƙe. Sunan da ya maƙale ya fito ɓaro-ɓaro a babban allo, da muƙaminsa na Muƙaddashi a gaba. Shugaba ta duba, ta ce lallai injin nan ba ya kuskure, a bar komai yadda ya rubuta.

Bayan la'asar yana zaune a ofis, tabarau biyu a kan tebur, aka ƙwanƙwasa. Iya ce, tsintsiya a hammata, tana goge wani abu da gefen zanenta.

"Sannu da taro, ɗan nan. Na tsinci wannan a kwandonka. Ka gode Allah da ka hana ni shara yau, da tuni ya bi bola."

Ta ajiye masa allon tagulla, da ƙusoshinsa biyu, ta ce ya ɗan ɗage ƙafa.

Ya ɗage.