Jatau da Hannunsa na Murɗa

A garinmu an yi wani ƙato wai shi Jatau. Allah ya ba shi damtse kamar turmi, amma abin da ke cikin kan, to, mu dai yi shiru. Tun da iyayensu suka rasu yake zaune gidan yayarsa Tabawa da mijinta Malam Haladu, mai noman rani. Duk duniya ba shi da wani wurin zuwa, wannan kam ya sani.

Wata rana Tabawa ta wanke babbar rigar Malam ta zuwa Juma'a, ta miƙa masa. "Ungo, ka murɗe ta har sai ruwa ya daina ɗiga." Yana farawa sai ruwan sama ya kece. Gogan naka ko gezau. Yana tsaye tsakar gida, sama na zubawa, shi yana murɗawa. Ko da aka ɗauke, riga ta koma igiya, aikin wuyan ya yi nasa wuri. "Yaya, yanzu ta daina," in ji shi, har da murmushi. Ranar da rigar aro Malam ya je masallaci.

Wata rana kuma famfon gida na ɗiga. Malam ya ce, "Jatau, murɗa shi da kyau, kada in ƙara jin ɗis-ɗis ɗin nan." Jim kaɗan sai ga Jatau da kan famfo a hannu, ruwa na feshi har bisa katanga. "Malam, saurara ka ji, babu ɗis-ɗis." To wa zai ce ya yi ƙarya? Ranar har kaji sai da suka koyi iyo. Malam ya harzuƙa: "Ka sake karya wani abu, ka tattara naka ya naka ka bar mini gida!" Tabawa ta shige ɗaki ta yi ta kuka. Tun daga nan Jatau hannu a hammata yake yawo, tsoro ya cika shi.

Wata rana wani dillali ya kawo injin ban-ruwa ƙofar gida, fenti sai sheƙi. Aka shirya musaya: Malam zai ba da sansa na huɗa, wanda shi kaɗai gare shi. Dillali ya riƙe igiyar sa yana ta cika baki: "Sabo fil! Ƙarfen nan ko wa ya murɗa ba ya motsi. Kai ƙato, ungo sifana, murɗa notin nan iya ƙarfinka!" Jatau ya dubi Malam. Malam kuwa fenti ya riga ya tafi da hankalinsa, ya ce, "Yi yadda ya ce mana."

Ƙas! Gefen inji ya ɓalle. Ciki duk tsatsa, ga tsohuwar tsaga an liƙe da gam an bi da fenti. Dillali ya saki igiya, ya ce bari ya ɗan kewaya. Har yau kewayawar yake yi.

Malam ya juyo, babu Jatau. Can sai ga shi ya fito daga zaure, ƙunshin kaya a kai, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Ina zuwa?"

"Ai na karya, Malam."

Kunya ta rufe Malam. "Kai, zauna! Ba inda za ka."

Jatau ya zauna nan take, tsakiyar kwata. "Har yaushe, Malam?"

"Har ƙarshen ranka."

Tabawa ta leƙo, ta ɗora hannu a ka tana dariya da hawaye. "Shi ke nan, Malam! Yanzu kuma sai ka san yadda za ka tashe shi."