Baturen Da Yake Kira Mini Matata

Ba zan taɓa mantawa da wannan Asabar ba, ko da yake Allah shaida ne na yi iya ƙoƙarina. A shekaruna mantuwa ba ta yi mini wuya. Ina neman tabarau alhali yana kan hancina, ina shan maganin hawan jini in manta in sake sha. Amma ranar da na tsaya cikin babbar riga a wani shagon faya-fayai a Takoma Park, na riƙe makirfo a gaban Turawa, na tona wa kaina asiri da bakina, wannan kam ta ƙi fita.

Bari in fara da karatuna, don ku san da wa kuke hulɗa. Ni mutumin Maraɗi ne. Na yi lakwal, wato makarantar boko, shekara huɗu, har na iya gaya wa mushe, malaminmu ke nan, da Faransanci cewa ina jin fitsari, sai mahaifina ya ga ilimin ya isa haka, ya kai ni tasha. Ingilishi kuwa a cikin tasi na koye shi, nan Washington, daga bakin fasinjoji. Na iya hagu, na iya dama, na iya "makararka ba laifina ba ne", na iya zagi kala bakwai (biyar kawai na taɓa amfani da su, ni mutum ne mai tarbiyya). Abin da Ba'amurke bai faɗa a bayan motata ba, ban san shi ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Shekara talatin da 'yan kai da suka wuce na kai wani Bature filin jirgi, ya sauka ya bar kaset a kujera. Na bi shi da gudu, ya waiwayo ya ce in riƙe ko in jefar, duk ɗaya ne. Kiɗan rok ne, na wasu 'yan Ingila su huɗu da suka yi tashe tun ina yaron mota. (Abokaina na masallaci har yau kiɗan roƙo suke ce masa, suna tambayata ko Turawa ma suna da maroƙa.) A bangon kaset ɗin an zana wata doguwar ganga ta ƙarfe mai murfi, tsaye ita kaɗai a bakin titi.

Daga baya fasinjoji suka sanar da ni cewa cikin duk abin da mutanen nan suka yi, wannan ne aka fi rainawa. Duk wanda ya ji shi a motata sai ya yi dariya. Wai a lokacin sun riga sun tsufa, muryar mai waƙar ta dushe, mai ganga yana bugu kamar ba a ba shi abinci ba. Ni kuwa abin da suka ƙi shi na so. Gangar tana sauka kamar taɓaryar macen da ta gaji amma dole a ci tuwo. Jitar tana kuka irin na goge. Mai waƙar kuma muryarsa irin ta wanda ya yi tuƙi tun asuba ya dawo gida bai sami wurin ajiye mota ba. Kalma ɗaya cikin goma nake kamawa, amma gajiya ba ta bukatar tafinta.

Sai waƙa ta huɗu. Idan ta kai amshi, kiɗan yana ja da baya, tsohon nan ya buɗe maƙogwaro ya ce, "Raaabi... Raaabi..." sannan jitar ta rufe shi.

Rabi sunan matata ne.

Yaran yanzu ba za su gane nauyin wannan ba, masu kiran matansu da suna a gaban surukai ba ko tari. Mu auren saurayi da budurwa muka yi, kuma a gidanmu ba a kiran sunan matar fari. Shekara arba'in da ɗaya muna tare, sunan nan bai taɓa fita daga bakina zuwa kunnenta ba. "Ke" nake cewa, ko "Maman yara", in kuma a waje ne in ce "mutanen gida". Ko a asibiti aka tambaye ni sunanta, katinta nake miƙawa. Ba don ba na so ba ne. Yakan zo har kan harshe, kunya ta mayar da shi.

To ga Allah Ya kawo mini ɗan aike daga Ingila. Ranar da na fara sa mata waƙar, muna hanyar shagon 'yan Afirka na Silver Spring sayen gero da busasshiyar kuɓewa. Amshin ya zo, na ƙura wa titi ido kamar ban ji komai ba. Da ya sake zuwa, sai na ji daga kujerar gefe an ce a hankali, "Na'am."

Shi ke nan ya zama namu. In na ɓata mata rai, ba na ba da haƙuri (ina na iya), waƙa ta huɗu nake sawa. In ta amsa, an shirya. In ta juya fuska wajen taga, sai in mayar da kaset baya in sake. Akwai ranar da na mayar sau shida tsakanin gida da Mitchellville, za mu bikin suna. Kaset ɗin ya tsinke, na ɗinke da salatif, ya sake tsinkewa, daga ƙarshe autarmu Hadiza ta sa mini shi a waya.

Shekara biyu ke nan da Rabi ta rasu. Kwanakinta na ƙarshe ba ta magana, sai in kara mata wayar a kunne, in ga leɓenta ya motsa. An raba kayanta kamar yadda ake yi, tukwanenta suna gidan 'ya'ya. Abin da ya rage mini da ba wanda zai ce a raba, waƙar nan ce.

Rannan ina wucewa a ƙafa sai na hangi hoton gangar nan manne a gilashin shagon faya-fayai. Na ɗauka a waya na kai wa Hadiza ta karanta mini. Hadiza nan aka haife ta, tana jin Hausa sarai, amma da Ingilishi take mayar da amsa. Ta karanta kamar ana zare mata haƙori. Wai an sake fitar da faifan, masana na yanzu sun saurara sun ce an zalunce shi, shi ne ma mafi kyau a aikinsu. Mai waƙar, wanda shi kaɗai ya rage da rai cikin huɗun, zai zo ranar Asabar bayan azahar ya amsa tambayoyi.

Ku ga yadda na kumbura. Shekara talatin ni kaɗai ke da gaskiya a duk faɗin Amurka, ni mai aji huɗu. Na ce za ni, kuma zan yi magana.

Hadiza ta ce wurin zai cika, ƙafata ba ta son tsayuwa. Na ce zan tafi da sanda. Ta ce to in je in saurara kawai, kada in ɗaga hannu. Nan na hau ta da faɗa, na ce kunyar Ingilishina take ji, Ingilishin da ya ciyar da ita har jami'a. Ta dube ni, idonta ya kawo ruwa, ta ce za ta raka ni. Ni kuwa na ɗauka na ci nasara.

Shagon ya cika da tsofaffin Turawa masu furfura ɗaure a ƙeya, sanye da rigunan ƙuruciyarsu da tumbi ya riga ya gama da su. Ni kaɗai ne da shadda mai aiki da hula. Mai waƙar yana zaune a kan doguwar kujera, ɗan ƙanƙanin tsoho, da na'urar ji a kunne. Na ji tausayinsa kamar ɗan'uwa. Aka yi ta tambayoyi kan wayoyin jita da wane ɗaki aka yi ɗauka. Na ce a raina waɗannan ba su san komai ba. Na ɗaga sandata sama, Hadiza tana jan hannun rigata, har aka miƙo mini makirfo.

Na yi sallama, na gaishe shi da gajiya, na tambayi iyali. Na ce lokacin da duniya take zagin faifan nan, akwai tasi ɗaya a Washington da ba a taɓa cire shi ba. Aka tafa. Tafin nan shi ya ƙarasa ni. Na ba su labarin komai, har da kunyar suna, har da asibiti. Na ga wata mata tana share ido. Sannan na juya wajen tsohon na ce ina da tambaya ɗaya da na riƙe shekara talatin: shi wace ce tasa, wadda yake kira a waƙa ta huɗu?

Ya kara hannu a kunne. Mai gabatarwa ya maimaita masa, shi ma bai gane ba. Na ce bari in taimaka musu. Na gyara murya, na rufe ido, na saki amshin waƙa ta huɗu da iya ƙarfina, da duk jan da yake yi.

Da na buɗe ido ba wanda ke kallona. Kowa ya sami abin dubawa a ƙasa. Can baya wani ya yi wata 'yar ƙara ta hanci, ya mayar da ita tari.

Tsohon ya yi magana a hankali, cikin ladabi. Na kama cewa kamfani ne ya tilasta musu yin faifan, ba sa ko ga maciji da juna a lokacin, shi kuma ya shiga ɗakin ɗauka a fusace ya faɗi ra'ayinsa game da aikin gaba ɗaya, da rayuwarsa ma. Ya faɗi kalmar sau biyu, a fili, ba jita. Tana da wutsiya a ƙarshe, wata "sh" da ban taɓa ji ba. Rabish. Kalmar 'yan Ingila ce, Amurkawa da wata suke amfani, shi ya sa ba ta taɓa shiga motata ba. Da a Najeriya na yi makaranta, da malamai sun rubuta mini ita a littafi tun ina aji ɗaya.

Na juya wajen Hadiza, makirfo yana bakina, na ce da Hausa, "Me ya ce?"

Ta sunkuyar da kai. Da Hausa ta amsa, Hausarta mai ɗingishi. "Baba... shara. Bola."

Na dubi babban hoton da ke bayan tsohon. Doguwar gangar ƙarfe mai murfi, a bakin titi. Jama'a, kwandon shara ne. Shekara talatin ina kallonsa ina cewa Turawa da irin gangunansu.

Ban san yadda makirfon ya bar hannuna ba. Abin da ke kaina kawai gadon asibiti ne, da ni tsaye, na kara wa matata waya a kunne ana ce mata shara, ina jin na yi abin kirki.

Da aka tashi na nufi ƙofa, sai aka ce tsohon yana kira. Ya riƙo sabon faifai da alƙalami, ya ce bai taɓa son waƙar nan ba sai yau (ta'aziyyar Bature ke nan, na karɓa). Zai rubuta sunanta a bango, in faɗa masa daidai. Na laluba aljihu, ba kati. Na dubi Hadiza, ta kau da kai. Ba kiɗa, ba jita da zan ɓuya a bayanta. Na buɗe baki na ce, "Rabi." Bai ji ba. Na sake faɗa da ƙarfi. Karo na farko ke nan a rayuwata da na kira sunan nan tsirararsa, har sau biyu, kuma kurman Bature na kira wa.

A mota Hadiza ce ke tuƙi. Mun kusa gida na ce mata ashe ta sani. Ta ce tun tana 'yar shekara tara. Na ce to alhamdulillahi da uwarta ta tafi ba ta sani ba, da wane ido zan dube ta.

Ta tsayar da mota a gefen titi. Ta ce ranar da ta gane, da gudu ta je kicin ta gaya wa uwarta, tana dariya. Uwar ta ci gaba da tuƙa tuwo, ta ce ai matan Ghana da take aiki da su sun daɗe da faɗa mata. Sannan ta nuna ta da muciya.

"Ta ce, kika gaya wa Babanku, ni da ke ne. Ta ce, na gaji da jira ya kira ni. In ta cikin kwandon shara kiran zai fito, na karɓa."

Na ƙirga a raina. Duk "na'am" ɗin da na ji a shekaru ashirin na ƙarshe, da saninta ta yi su. Ni ina tuƙi ina jin kaina gwanin dabara, ita tana gefe tana rufa wa jahilcina asiri.

Masana sun ce faifan nan shi ne mafi kyau, kuma ina nan a kan bakata, na riga su. Sai dai yanzu na san abin da yake cewa: tsoho ne ya waiwaya ya dubi abin da ya yi da ransa ya ba shi suna. Ashe ba banza na ji kamar da ni yake ba. Har yanzu ina sa waƙa ta huɗu, amma kunnena ya warke daga ciwon da ban so ya warke ba. Duk sanda amshin ya zo, sai wutsiyar nan ta biyo shi. Na rage murya, na ƙara, na sa kunne ɗaya, tana nan.

Darasin da na samu bai da amfani gare ni, don haka ga shi kyauta. In kana da sunan da kake son kira, kira shi da bakinka tun mai shi tana kujerar gefe. In kuma kunya ta hana, dole sai ka ɗauki ɗan aike, to ka nemi wanda kake jin yarensa. Ni yanzu sunan ba ya yi mini nauyi ko kaɗan. Ina faɗarsa a kicin, ina faɗarsa a bas, har maƙwabciyata ta tambayi Hadiza ko mun sayi kyanwa.