Ranar Da Surukina Ya Ɗauke Ni

Na manta abubuwa da yawa a tsufan nan, amma ban da ranar atisayen asibiti. Lokacin Turawa ba su tafi ba, ina saurayi, ina aikin shara da tura marasa lafiya a wani asibiti a Kaduna. Ina kuma neman auren Hajara a Unguwar Kanawa. Mahaifinta, Malam Sule, ma'aikacin reluwe ne. Iyayena sun je tambaya, ya ce a dakata tukuna, yana so ya ga ko yaron yana da natsuwa.

Ana cikin haka likitanmu Bature ya ce za a gwada abin da za mu yi in jirgin ƙasa ya faɗi da mutane. Aka share baranda aka jera tabarmi, aka cika garewani da ruwa, kowa aka nuna masa inda zai tsaya. Saura masu rauni na ƙarya. Ni na fara ɗaga hannu (na ji an ce kwanciya ce kawai aikin).

Sista ta shafa min jan magani, ta naɗe min ƙafafu biyu da bandeji. Ta ce, "Kai ƙafafunka sun karye, kuma ka suma. Ko kunama ta harbe ka, kada ka motsa."

Muka baje a fili bayan asibiti, 'yan kallo sun cika bakin shinge. Na rufe ido ina jin daɗina. Abin da ba a gaya min ba shi ne an gayyato 'yan reluwe su taya ɗauka. Na ji an ɗora ni a gadon ɗaukar marasa lafiya, an ɗaga sama. Sai wata murya a wajen kaina ta ce, "Ku bi a hankali, kada ku jijjiga shi."

Na san muryar nan. Na buɗe ido ɗaya, sai ga gemun Malam Sule a samana.

Jama'a, mutumin da in na hango shi a hanya nake tuɓe takalmi, shi ke ɗauke da ni, ni kuma ina miƙe kamar basarake! Ban san lokacin da na diro ba. Na durƙusa a kan karyayyun ƙafafuna na ce, "Baba, ina wuni?"

Sauran masu raunin suka zaci an tashi, suka miƙe suna karkaɗe riga. Wata mai fura a bakin shinge ta kurma ihu wai matattu sun farka. Likita na tsaye da agogo a hannu, fuskarsa ta fi maganin jikina ja.

Malam Sule ko murmushi bai yi ba. Ya ce, "Lafiya lau. Koma ka suma."

Na koma. Aka sake komai daga farko, shi ne kuma ya sake ɗaukata har baranda, yana ce wa abokin ɗaukarsa, "Ka ji nauyi? Lallai Hajara za ta sha daka kafin ta ƙosar da wannan."

A sume na ji an ba ni mata, kuma ba halin in yi godiya.

Har yau ina jin nauyin abin, don na ɓata wa mutane aikin da bai kamata a yi wasa da shi ba. Da bazara ta zo da sanƙarau, wannan shirin ne ya cece mu, kowa ya san wurinsa. Tun daga nan na koyi cewa ranar gaggawa gaisuwa tana iya jira.

Bayan shekaru zazzaɓi ya kayar da Baba Malam Sule, ni na ɗauko shi zuwa asibiti. A hanya ya buɗe ido ɗaya ya dube ni, ya ce, "Ni dai ba zan sauko in gaishe ka ba."