Ruƙiyyar da Na Yi a Ajin Hafsatu

Sai da na isa ƙofar ajin 'yata Hafsatu, mai shekara huɗu, a makarantarsu ta unguwar Treichville, sannan na lura ko tari ba na ji. Ni kuwa mutumin unguwar Bromakoté ne, inda yaro ɗaya ke hana layi guda sakat.

Na leƙa. An saki labule, ajin ya yi duhu-duhu. Yara na zaune a ƙasa ido rufe, babu malama a gaban allo. Can daga kusurwa wata murya ta yi raɗa: "Hafsatu…" Sai yarinyar ta miƙe tana sanɗa kamar mai tafiya cikin barci, ta nufi muryar.

 Ai na taɓa zama gaban malamin ruƙiyya a Maraɗi, na san aikin aljanu in na gani. Na banke ƙofa, na sungumi Hafsatu, na ɗaga murya da Ayatul Kursiyyu, ina tofa wa duk wanda ke kusa. Yara uku suka fashe da kuka, na ce alhamdulillahi, aljanun sun fara fita.

Malamar ta taso daga kusurwar, ita ma ta samu rabonta. Tana goge tabarau ta ce, "Monsieur, wasan shiru muke. Su suka zaɓa, suna koyon sauraro."

Hafsatu ta tura baki. "Baba, yau ni aka fara kira!"

Har yau, duk sanda shagonmu na Adjamé ya yi tsit, sai ƙanena ya rufe ido ya yi raɗa: "Yaya… sun dawo."