Yadda Za Ki Gyara wa Jikarki Hausa Har Ta Bar Miki Gida

Firdausi, ke ce mai laifi. Ke kika zaunar da ni, tsohuwa mai shekara sittin da bakwai, a bakin titin Fordham, kika sa na zubar da hawaye gaban masu sayen turare saboda mutanen da ba a taɓa haifa ba. Sannan kika rufe littafi saura babi biyu, kika tattara kayanki kika tafi. Yau kwana goma sha shida. Zan dawo kanki.

Ke kuma mai karatu, gyara zama. Ban yi boko ba. Safiatu maƙwabciyata ce ke riƙe da biro, ni ke faɗa, kuma na gaya mata in ta canja mini kalma ɗaya ban yafe ba. In kina da jika haifaffiyar ƙasar nan, irin waɗanda ake yi wa Hausa su amsa da Turanci, kuma kina so ki raba ta da littattafan soyayya, ga hanya. Na ba ki tabbaci: cikin wata biyu gidanki zai yi tsit, babu littafi, babu mai karanta shi. Na gwada. Ya yi.

Mataki na ɗaya: Ki ƙwace abin da ba ki iya karantawa

Ki buɗe jakarta lokacin da take wanka. Za ki tarar da littafi mai hoton namiji ba riga, gashi har kafaɗa, iska na kaɗa shi ta inda babu taga. Ki riƙe shi da yatsu biyu kamar mataccen ɓera, ki tsaya ƙofar banɗaki ki jira.

Kada ki damu don ba ki san abin da ke ciki ba. Masana irina sun tabbatar cewa faɗa ya fi armashi in ba ki san kan zancen ba.

Mataki na biyu: Ki naɗa kanki alƙali

Ni na raini Firdausi tun tana wata huɗu, don uwarta aikin jinyar tsofaffi take yi a gidajen mutane, sai ƙarshen mako muke ganinta. Saboda haka na yanke hukunci ba tare da shawarar kowa ba: duk littafin da zai shiga gidana sai ya bi ta kunnena. Kullum in ta taso daga kwaleji ta same ni a teburina inda nake sayar da turare da gyale, ta zauna kan bokiti, ta karanta ta juya mini da Hausa. Wanda ya wuce ya wuce, wanda ya faɗi a mayar laburare.

Ta dube ni ta ce, “Okay, Kaka.” Tana murmushi. In jikarki ta yarda da hukunci tana murmushi, ki bincika. Ni ban bincika ba.

Mataki na uku: Ki riƙa tsaki, amma kada ki bari a tsaya

Na farko labarin yarinya ce 'yar shekara sha shida da aka ce ita kaɗai za ta ceci duniya. Duniya guda, da manyanta da sojojinta, an rasa mai ceto sai wadda ba ta iya gyara gadonta ba. Na ce, “Ina uwarta?” Ta rasu. “Ubanta fa?” Ya ɓace. “Ba ta da gwaggo? Ba maƙwabta?” Kwana tara yarinyar nan na gudu a daji ban ji ta ci abinci ba. Na ce ƙarya ce, a mayar. Firdausi ta rufe. Na ce, “Wa ya ce ki rufe? Sai na ji iyakar ƙaryar.”

Na biyu shi ne mai hoton mara riga. Mutumin nan ya ɗaure fuska tun daga shafin farko, ba ya gaisuwa, ba ya godiya, ita kuma sai zuciyarta ta riƙa bugawa. Na ce a garinmu Damagaram in mutum ya yi haka jiƙo ake ba shi, ciwon ciki ne. Amma ranar da ya tsaya cikin ruwan sama yana ba ta haƙuri, Mutaru direban tasi ya zo sayen turaren da yake sa wa motarsa, na ce ya je ya dawo.

Ya ce, “Hajiya, na tsaya inda ba a tsayawa fa.”

Na ce, “To wannan ma tsaye yake cikin ruwa, ya fi ka uzuri.”

In wani ya ga idonki ya yi ja, ki ce hayaƙin bas ne.

Mataki na huɗu: Ki gyara mata Hausa, kada ki bar ko ɗaya

Wannan shi ne ginshiƙin aikin. Yaran ƙasar nan ba su san mace da namiji a baki ba. Tun tana ƙarama Firdausi ke cewa “Baba ta zo”, “miya ya ƙone”, “Kaka, kai ne?” Ni kuwa ba na barin kuskure ya kai ƙasa, a sama nake cafke shi. Tun ba ta rufe baki ba na gyara, sannan in yi dariya, sannan in ba Safiatu labari a matakala.

Misali. Wata Laraba muna naɗe gyale, sai ta ce, “Kaka, akwai wadda nake so.”

Na ce, “Wanda! Wanda, ja'ira! Shekara sha tara ba ki san wanda da wadda ba? To ɗan gidan wa ne? Yana salla?”

Ta ce, “Bar shi kawai.” Ta ci gaba da naɗi. Ni kuwa na yini ina jin daɗi, ga jika ta girma, ga Hausa na gyara. Mako na zagayowa ta zo da littafi na uku.

Mataki na biyar: Ki yarda da abin da kika sani tun daga gida

Bangonsa ba mutum, kekuna biyu ne jingine da bango. Na ce madalla, yau an samu mai kunya. Labarin wata Dalia ce, marainiya, tana zaune da kakarta a saman shagon burodi, da wani Rene mai gyaran keke a tsallaken titi.

Na san Rene. A Damagaram akwai Rene bakanike, ƙato, da gashin baki kamar tsintsiya. Saboda haka da Firdausi ta ce, “Rene ta ɗago kai ta dube ta,” na ce, “Ya ɗago.” Ta ce, “Rene ta kawo mata miya da ba ta da lafiya.” Na ce, “Ya kawo.” Ta ce, “Ta riƙe hannunta.” Na ce, “Ya riƙe, kuma ya saki, ba a ɗaura ba tukuna.”

Mako uku muna haka. Ba ta taɓa musu ba, ba ta kuma taɓa ɗaukar gyaran ba. Na ce wa Safiatu kan yarinyar nan dutse ne.

Mataki na shida: Ki shiga maganar auren da ba a gayyace ki ba

Rene ba irin mara rigar nan ba ne. Yana gaida tsofaffi. Ya gyara wa kakar Dalia keken da take turawa zuwa kasuwa, bai karɓi komai ba. Da Dalia ta yi masa rashin kunya bai rama ba, ya ajiye mata lemo a taga ya tafi. Na ce wa Firdausi, “Kin ga irin wannan? In kin samu irin wannan ki kawo mini, ko daga ina yake.” Ta dube ni har na tsargu.

Safiatu, rubuta wannan ma, ba na ɓoyewa: da suka ɓata a babi na sha tara, na sa su a addu'a. Bayan sallar la'asar, da bakina, na roƙi Allah ya daidaita mutanen takarda.

Mataki na bakwai: In gaskiya ta fito, ki yi ihu kafin ki yi tunani

Muka zo inda Dalia ke tsaye ƙofar kicin, kakarta na murza ƙullu, tana so ta faɗa mata zancen Rene amma ta kasa shiga. Haushi ya kama ni. Na ce, “Tsoron me take ji? Ta shiga ta faɗa mana! Ni ce kakar, guɗa zan yi.”

Firdausi ta sa yatsa a shafin. Ta ce, “Da gaske, Kaka?”

“Da wasa nake?”

Sai ta yi magana da Hausar da ban san tana da ita ba, tsaf, kamar a ƙofar gidanmu aka haife ta. Ta ce, “Kaka, Rene mace ce. Tun shafin farko mace ce. Ban yi kuskure ko sau ɗaya ba. Ke ce kike gyarawa.”

Ga abin da gwana take yi a nan. Na yi salati da ƙarfi har mai sayar da mangwaro ta waiwayo. Na kaɗe littafin daga hannunta ya faɗa ruwan da ke bakin titi. Na ce ƙazanta, na ce an yaudare ni, na ce duk wadda ta kawo mini irin wannan gida ta nemi wata kakar. Duk a numfashi ɗaya. Ban taɓa yin magana mai tsawo haka ba tare da na yi tari ba.

Firdausi ta sunkuya. Ta ɗauki littafin, ta goge shi da gefen rigarta, ta ajiye kan gyale. Ta naɗe mini tebur kamar kullum, ta tura har gida, ta hau da shi hawa uku. Washegari da na dawo daga kasuwa gadonta a gyare, abin da ba ta taɓa yi ba. Tana Port Richmond, unguwar da sai an hau jirgin ruwa ake zuwa, wajen gwaggonta Salima. Na kira, ba ta ɗauka.

Mataki na takwas: Ki zauna ki ji daɗin nasararki

Gida ya yi tsit, kamar yadda na yi miki alkawari. Ba mai cewa miya ya ƙone. Miyar ma ta daina ƙonewa, don ba abin da ke ɗauke mini hankali.

Sai a kwana na huɗu, ina naɗe gyale ni kaɗai, Larabar nan ta dawo mini. Akwai wadda nake so. Na zauna kan bokitinta. Mutaru ya zo ya tarar da ni, ya ce, “Hajiya, hayaƙin bas ne?” Na ce ya ɗauki turarensa ya ba ni wuri.

Yarinya ta tattaro duk Hausar da take da ita, ta zaɓi harshena don ta faɗa mini abin da ya fi mata nauyi a duniya, ta faɗe shi daidai. Ni kuma na gyara mata. Da abin bai shiga ba ta ɗauko littafi mai shafi ɗari uku ta bi da ni a hankali kamar mai tsallakar da makauniya titi, na kaɗe shi cikin ruwa.

Littafin na nan ƙarƙashin matashina, ya kumbura. Ina buɗe inda ta tsaya in dubi baƙaƙen, su ma su dube ni. Safiatu ta ce ta karanta mini sauran. Na ce a'a, muryarta kamar mai sanarwa a jirgin ƙasa. (Rubuta, ai gaskiya ce.) Ina so in ji abin da tsohuwar nan ta ce da ta ɗago daga ƙullunta. Ba don in kwaikwaye ta ba. Ina dai so in san ko akwai tsohuwar da ta fi ni hankali, ko a takarda ne.

Gargaɗi

Duk wadda ta bi matakan nan gidanta ya zama kango, kada ta zo teburina, ni ma ban san hanyar komawa ba. Sunayen da ke nan ba na yanka ba ne, kuma masu sayar da turare a Fordham mun fi goma, saboda haka mai neman gulma ta sayi gyale ta wuce. Mai shirin kawo mini wa'azi ya riƙe abinsa: ban ce na gane ba, ban ce karatun da aka yi mini ya canja ba, yana nan inda yake yana hana ni sukuni. Amma bayan da ya goya yarinyar nan nawa ne, kuma ba a ba ni wata ba.

Ke kuma, Firdausi. Ba a yi wa tsohuwa haka. Ba a kai mutum ƙofar kicin a bar shi tsaye kwana goma sha shida. Abin da na faɗa a titi na faɗa, ba zan iya haɗiye shi ba, amma kaka ɗaya gare ki kuma ban sauka ba. Ki hau jirgin ruwan nan ki zo ki amsa laifinki. Bokitinki na nan. Ki karanta mini babi biyun nan, in kin ce ta, ta ɗin ce, zan cusa gyale a bakina.

Kuma ki zo da amsa: wadda kike so ɗin, tana cin yaji ko in rage?

Safiatu, na ga biro ya tsaya. Wadda na ce. Rubuta yadda na faɗa.