Ranar da Na Kashe Alhaji Garba

Sati biyu da zaɓena sakataren ƙungiyar mazauna rukunin gidajenmu a Dutse, na riga na mai da kaina gidan rediyo. Burtsatse ta lalace, ni ne mai sanarwa. Motar shara ta makara, ni ne. Ba na ƙaunar wani ya riga ni sa labari a zaurenmu na WhatsApp.

Wata Laraba ina ofis, maigadin ƙofa ya turo min saƙon murya: "Sakatare, Alhaji Garba na layi na uku, rasuwa..." Ban tsaya jin ƙarshe ba. Na rubuta Innalillahi, na ɗora hotonsa, har na ƙara da cewa marigayin mutum ne mai haƙuri. Na ji daɗin yadda na tsara shi.

Ashe rasuwa aka yi masa. Mahaifiyarsa ce ta rasu a Jahun.

Kafin in goge, maƙwabciyarsa Madam Rahila ta shiga gidan tana kuka, ta tarar da shi yana sa takalmi, ta kurma ihu ta fito a guje. 'Yarsa da ke karatu a Kano ta suma. Bawan Allah yana hanyar jana'izar uwarsa yana amsa waya, yana rantsuwa cewa yana raye. Wannan har yau yana ci min rai.

Na je ta'aziyya kaina a ƙasa, ya kuma yafe min. Amma ko jiya bayan La'asar sai da ya riƙe hannuna a gaban jama'a ya ce, "Malam Sakatare, yau ina raye, ko in jira sanarwa?"