Rasuwar Baturiya, Wayar da ke Tsakanin Tsoho da Auta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ido wanda ya ƙi bushewa a shekarar da komai ya bushe, Malam Illiya mai gyaran rediyo, na gindin shato, babban tankin ruwan unguwa, a tsohon garin Agadas, da maiɗakinsa Asma'u, da ɗaukacin matan da ke jera bido, jarkokinsu na ruwa, a famfon unguwa, suna sanar da ƴan'uwa da abokan arziki na nan gari da na Tabelot da Fachi da Bilma rasuwar Baturiya, wayar nan mai launin toka, mai kai biyu, wadda ta riƙe zumunci tsakanin ordinater, wato kwamfuta, guda biyu har ƙarshen ranta. Ta rasu ranar Talata da hantsi, bayan doguwar jinya da gajeren hatsari.

Ga wanda bai san marigayiya ba, ga tarihinta.

Ta iso Agadas cikin kwali, tare da Turawan wani porje na aikin agaji da suka gina wa unguwa rijiyar burtsatse da shato. A ɗan ɗakin da ke ƙarƙashin shaton suka ajiye wani baƙin ordinater mai ba famfo umurni, ba shi da fuskar da za a duba, ba shi da wurin bugun rubutu. Unguwa ta sa masa suna Tsoho. Da tawaye ya tashi a Abzin, Turawan suka tafi cikin gaggawa, suka bar wa Malam Illiya makulli da kwali da wata ƙaramar ordinater ta hannu, wadda aka sa wa suna Auta. Suka ce za su dawo bayan sallah. Ba su faɗi wace sallar ba.

Tsoho yana da hali ɗaya. In kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke ya dawo, sai ya farka ya zauna, ba zai tada famfo ba sai an ce masa ya tada. Kuma ba ya jin magana ta ko'ina sai ta wani ɗan baki mai haƙora tara da ke bayansa. Auta ma tana da irin wannan bakin. Ranar da kuran ya fara ɗaukewa bayan tafiyar Turawa, famfo ya yi tsit, mata suka zauna kan bidonsu suna kallon Malam Illiya, mutumin da bai taɓa gyara abin da ya wuce rediyo da tocila ba.

Ya shiga kasuwa ya samo waya mai kai irin wanda ake so, sabuwa ful. Ya haɗa Tsoho da Auta, ya buga rubutu a kan Auta, ya jira. Shiru. Ya hura bakunan, ya goge su da gefen rawani, ya juya wayar kai da ƙafa. Shiru. Daga baya ne ya gane cewa wayar kasuwa miƙaƙƙiya ce: ta haɗa bakin wannan da bakin wancan, kunnen wannan da kunnen wancan. Ordinater biyu suna ta zuba magana cikin bakin juna, babu mai saurare. Ya ce ya sha ganin irin wannan a taron unguwa, amma bai san yana kama ƙarfe ba.

A lokacin marigayiya tana gidansa ba tare da ya sani ba. Asma'u ta tsince ta a gindin kwalin Turawa, ta ga igiya mai ƙwari, ta ɗaure ta tsakanin turaku biyu tana shanya kayan wanki. Malam Illiya ya shigo cin tuwo, ya ɗaga kai, ya ga kai mai ramuka tara yana lilo kusa da wandonsa.

"Ma'u, tun yaushe wannan take nan?"

"Tun tafiyar mutanenka, Malam. Ka bar ta, wankin bai bushe ba."

Bai bari ba. Iyalan mamaciya suna so a san cewa ta bar aikin shanya ba tare da ƙorafi ba, kamar yadda ta karɓe shi.

Baturiya ba ta da kyan gani. Amma a cikin cikinta jijiyoyinta a gicciye suke: ta biyu ta tafi gurbin ta uku, ta uku ta dawo gurbin ta biyu, ta biyar ta wuce kai tsaye don kowa ya tsaya a ƙasa ɗaya. Abin da ya fito daga bakin Tsoho, kunnen Auta take kai shi, abin da Auta ta ce kuma ta zuba shi a kunnen Tsoho. Sauran jijiyoyin shida ba su taɓa yin wani aiki ba, kuma ba ta taɓa goranta musu ba.

Ranar da aka fara ɗaura ta, rubutu ya bayyana a fuskar Auta, amma ba irin wanda aka koya a lakkwal, makarantar boko, ba: ɗigo-ɗigo, da'ira, gicciye, ƴan akwatuna. Malam Illiya ya duba, ya ce lalle Tsoho ya daɗe a Abzin har ya koyi tifinar, rubutun Abzinawa. Aka aika aka kira Baba Bahago, tsohon madugun ayarin gishiri, wanda ya ce yana karanta shi tun yana bin raƙuma. Baba Bahago ya zauna, aka ba shi shayi, ya ƙura ido.

"Ya ce raƙuma sun isa Fachi lafiya," in ji shi. "Yana gaida uwarsa."

"Baba, batun ruwa fa?"

"Bai kai nan ba tukuna. Mai ladabi ne, sai ya gama gaisuwa."

Aka sake kunna Tsoho, wasu ɗigogin suka fito. Baba Bahago ya ce wannan karon dabino yake tambaya. Aka kawo dabino aka ajiye a kan Tsoho. Baba Bahago ya cinye a madadinsa. Famfo bai motsa ba.

Laifin bai kasance na marigayiya ba. Abin da aka ba ta shi ta kai. Auta ce ke sauraro da saurin ƴan birni, Tsoho kuwa yana magana a tsanake, kamar mai tauna goro. Malam Illiya ya yi ta rage wa Auta sauri mataki-mataki, yana gwadawa, har lambar saurin ta sauko kan dubu tara da ɗari shida. Nan take ɗigogin suka miƙe suka zama faransanci tsantsa. Tsoho yana tambaya ne ko a tada famfo, i ko a'a. Tambayar da yake yi ke nan tun ranar farko. Malam Illiya ya danna harafi ɗaya. Bututu ya yi tari, ya yi kaki, ruwa ya zubo. Ya fita bayan ɗakin ya daɗe yana gyara rawani, kuma babu wanda ya tambaye shi dalili. Baba Bahago har yau yana nan kan bakansa cewa karatunsa ne daidai, faransancin nan fassara ce kawai.

Tun daga ranar marigayiya ba ta huta ba. Ba ta da murya, sai ɗan ƙyas ɗin nan da take yi in kanta ya zauna daidai, da ƙiiƙ-ƙiiƙ na ƴan kusoshinta biyu in ana murɗa su. Wanda ya san wannan ƙarar ya san ruwa na tafe. Ba ta taɓa ƙara wa saƙo gishiri ba, ba ta taɓa rage masa ba. Ta ji sirrin ordinater biyu shekara da shekaru, ba a taɓa jin sa a bakin rijiya ba. Malam Illiya yana ajiye ta cikin jakar fata ta aikin Agadas, wadda ya saya da niyyar ba surukarsa.

Ta kuma ɗanɗani tsarewa a hannun hukuma. Bana, bayan soja sun karɓi mulki, an kira Malam Illiya Tabelot ya duba rediyon masu lambun albasa, ya tafi da ita don ba ya barin ta. A wani shinge aka zazzage jakarsa. Wani soja ya ɗaga ta da yatsa biyu, ya ga waya mai kai biyu, ya ja da baya.

"Me take tayarwa?"

"Famfo, shef."

"Daga nesa?"

"Iyakar tsawonta, shef. Kamu uku."

Amsar ba ta gamsar ba. Aka riƙe ta, aka sallame shi. Ya dawo Agadas shi kaɗai a bayan motar albasa, da jaka wayam. A kwanakin nan kuran ya ɗauke, famfo ya tsaya, mata suka koma tafiya da jakuna har bayan gari neman ruwa. A ƙarshe matan suka cika mota da kansu, Asma'u a gaba, suka je shingen da bidonsu, suka jera su a bakin hanya, suka zauna. Kafin la'asar aka fito da Baturiya. An same ta tana riƙe da labulen rumfar sojan. An tambaye ta, an ce, ba ta faɗi sunan kowa ba.

Daga wannan tafiyar jikinta bai koma daidai ba. Zafin bazara ya tsattsage mata fata. Kusa ɗaya ta ɓace. Ramukan kanta na hagu suka yi sako-sako, sai an tallafe ta da tsinke, wani lokaci sai Malam Illiya ya riƙe ta da hannu ɗaya yana bugawa da ɗayan. Ta fara tsallake haruffa. Ya naɗe ta da robar taya, ya hana ta rana, ya daina nannaɗe ta da ƙarfi. Asma'u ta ce ko lokacin da ta yi zazzaɓin shawara bai yi mata rabin haka ba, shi kuma bai musa ba.

Ranar Talata, kuran ya ɗauke da safe ya dawo. Marigayiya ta kai saƙonta na ƙarshe cikakke, famfo ya tashi. Malam Illiya ya cire ta, ya rataye ta a ƙofar ɗakin shato don ta sha iska, ya juya zai raba wasu mata biyu da ke gardamar layi. Akuyar Ramatou maƙwabciya ta iso. Ba za a ɓoye ba, akuyar nan ta sha wuya bana. Damina ba ta yi ba, ciyawa ta ƙare tun kaka, ta ci kwali, ta ci leda, ta ci gefen tabarmar uwargijiyarta. Da Malam Illiya ya waiwayo, kai ɗaya ne kawai ke lilo a bakinta da ɗan guntun wuya. Sauran duk ya shige, har da ɗaya kan.

Bai daki akuyar ba. Ya durƙusa ya karɓi abin da ya saura. Ramatou ta zo da gudu, ta ga abin da ya faru, ta ɗora hannu a ka.

"Malam Illiya, ka yafe mata. Wallahi rabonta da abin kirki tun watan jiya."

"Na sani, Ramatou. Ta ci abin kirki yau."

Iyalai ba sa musun labarin da ke yawo cewa da azahar ɗin nan an ga Malam Illiya ya tsayar da akuyar tsakanin Tsoho da Auta, ya dafa bayanta, yana duban fuskar Auta. Baba Bahago ne ya ba da shawarar, bisa hujjar cewa jijiyoyin suna ciki kuma a gicciye. Babu abin da ya fito. Ana roƙon jama'a su bar maganar haka nan.

Marigayiya ta bar Tsoho, wanda bai san ta rasu ba. Yana nan a farke, famfo yana aiki, kuma zai ci gaba har ranar da kuran zai sake ɗaukewa. Daga ranar zai yi tambayarsa babu mai ji. Ta bar Auta, da jakar fata, da kusa ɗaya, da wayar kasuwa wadda aka yanka don a gicciye jijiyoyinta, aka ga da narkakkiyar roba aka like kawunanta, ba su gyaruwa. Ta bar unguwa guda da ke duban ƙwan lantarki kamar mai duban hadari. Malam Illiya ya nemi izinin soka ƴan wayoyi tsirara a haƙoran Tsoho, dattawa suka hana, suka ce ba a wasa da bakin mai rai. An ba direbobin albasa saƙo zuwa Yamai da Arlit, ko za a dace da wata irin ta.

Game da jana'iza: liman ya ce ba a yi wa waya sallah, amma bai hana shan shayi ba. Za a zauna karɓar gaisuwa a ƙofar shagon Malam Illiya daga bayan la'asar. Tunda hukuma ba ta son taro, a zo bibbiyu, kuma in an tambaya a ce rediyo aka kawo gyara. Kowa ya cika bidonsa kafin ya zo, kada ya bari sai ya dawo. Ba a buƙatar goro. Wanda ke da wani kai mai ramuka tara a cikin tarkacensa, ko na mene ne, ya zo da shi.

Kan da ya tsira ba za a binne shi ba, za a ajiye shi ko Allah zai kawo masa abokin zama. Ragowar gawar kuwa tana cikin akuya, akuyar kuma tana ɗaure a gindin itacen bedi, ana gadinta bi da bi da rariya a hannu. Ba za a iya sa ranar binnewa ba sai ta sallama. Saboda haka Ramatou tana roƙon duk mai zuwa gaisuwa, in yana da ɗan dusa ko ƙaiƙayi ko busasshen ganyen albasa, ko tafin hannu ne, ya taho da shi. Akuyar ba za ta fitar da komai ba sai ta samu abin da za ta tura shi da shi.

Allah ya ba mu haƙurin rashi, ya kuma riƙe mana kuran.